Allura a Kan Sha Takwas

Widad 'yar Haj Balgasim ce ta kashe injin ruwan garin Bir Gizlan ranar wata Talata da hantsi. Ba ta tambayi kowa ba. Ta shiga ɗakin, ta dubi allurar mita, ta sa hannu ta ja makunnin ƙasa.

Mata goma sha ɗaya ne a layi da jarkokinsu. Famfo ya tsaya.

Wani saurayi ya fito daga bayan tanki a guje, hannunsa duk baƙin mai.

"Wa ya kashe?"

"Ni."

"Ke wace ce?"

"Wadda za ta sha ruwan. Kai wane ne?"

Sunansa Nizar, mutumin Gafsa. Wata uku ke nan da kwamitin ruwa ya ɗauke shi ya riƙa kula da injin. Tun da idon ruwan garin ya ƙafe, rijiyar burtsatse ake sha, ita kuma gishiri ne da ita har yana fasa leɓe. Injin shi ke cire gishirin. Ba wani abin mamaki ba ne. Siraran tantani ne ɗaruruwa a jere kamar shafukan littafi, ruwa na bi ta tsakaninsu, wutar lantarki na jan gishirin gefe.

Ita kuwa Widad shekara shida ta yi a Gabes tana karatun lissafi, kuma duk karatun a kan abin da ke faruwa a bakin tantanin nan ne. A gari ana cewa 'yar Haj ta tafi birni ƙirga gishiri. Ta san ana faɗa. Bai taɓa hana ta barci ba.

"Allurarka na kan ashirin da uku," ta ce. "Kashe injin kake yi."

"Ƙarin wuta, ƙarin ruwa. Haka aka gaya min."

Ta nuna masa matan da ke waje. "Idan kana sallamar mutanen layin nan da sauri fiye da yadda suke isowa, me zai faru a bakin famfo?"

"Zai zama babu kowa."

"To haka bakin tantani yake. Gishiri idan ya narke, ƙwayoyi iri biyu yake zama, wuta na jan kowanne nasa ɓangaren. Akwai ɗan ruwan da ke manne da tantanin, bai kai kaurin gashi ba. Idan ka ja da ƙarfi, ƙwayoyin wurin su ƙare kafin wasu su iso. Wuta ta rasa abin ja, sai ta kama ruwan kansa tana fasawa. Daga nan farin ɓawo ya fito ya toshe maka komai."

Ya je kusurwa ya ɗauko wani tsohon tantani da ya cire satin da ya wuce. Fari fat da ɓawo, kamar bangon da aka shafa wa farar ƙasa.

"Irin wannan?"

"Irin wannan."

"Wata uku ina tambayar abin da ke kawo shi. Aka ce sharrin ruwan ne." Ya goge hannu a wando. "To a ina zan tsayar?"

"Ruwan rijiyarmu, sha takwas. Na auna, na lissafa."

"Si Rida ne ya ce ashirin da uku."

"Yaya Rida ɗan baffana ne, shugaban kwamiti kuma. Dabino ya sani."

Daga waje wata tsohuwa ta ɗaga murya. "Ku masu ilimi, idan kun gama gaisawa, wake na kan wuta."

Nizar ya mayar da allura kan sha takwas, ya kunna. Ruwa ya dawo a hankali. Da Widad ta juya za ta fita, ta ga ba mita yake kallo ba. Ta gyara mayafinta ta wuce. Sai da ta kai ƙofar gida ta lura ta bar littafinta a kan tanki.

Washegari ta koma ɗauka. Jibi ta koma auna ruwa. Bayan sati biyu ta daina neman dalili.

Shi ke ɗebo mata ruwa daga kowane bututu a ƙananan kwalabe, ya rubuta lokaci a jiki. Ita ke zama a kan akwati da kwamfutarta a cinya tana zana masa yadda ƙwayoyin ke raguwa yayin da suke kusantar tantani. Bai gane alamomin ba, amma ya gane zanen. Ta ga yana da hannu mai kyau, ba ya ɗaure ƙusa fiye da kima. Ya ga idan lissafi ya fita daidai takan ciji bakin alƙalami don kada ta yi murmushi.

Shi ya sa mata suna. Wata rana da la'asar saƙo ya shigo.

"Salam, Sha Takwas. Allura na inda kika bar ta. Inna Zuhra ta ce wakenta ya fara nuna da wuri, ta sa miki albarka. Ni kuma tun da kika fita na fi kallon ƙofa a kan mita."

Ta mayar: "Kalli mita, Mai Wuta. Ƙofa ba ta toshewa."

Bayan wata guda wani ya zo.

"Rabin raina, yau na ƙirga. Taku ɗari huɗu da shida ne daga ɗakin inji zuwa ƙofar gidanku. Sun yi min yawa."

Ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta rubuta: "Turo manya su rage maka."

Kawunsa ya zo daga Gafsa da sukari da ganyen shayi, neman aurenta. Haj Balgasim ya karɓe shi, ya sa aka yanka masa kaza, ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce a'a.

Haj Balgasim shi ne mutum na ƙarshe da ya riƙe gadus, tukunyar rabon ruwa, a garin. Lokacin da idon ruwa ke gudu, shi ke zama gindin bango da tukunyar tagulla mai huda a ƙasa. Ya cika ta, ta tsiyaye, ya ƙulla ƙulli ɗaya a ganyen dabino. Kowace gona da adadin ƙullinta. Shekara talatin da ɗaya bai ƙara wa kowa ɗigo ba. Wansa, mahaifin Rida, ya taɓa roƙonsa ƙarin ƙulli ɗaya a shekarar fari, ya hana shi. Shekara guda suka yi ba sa magana. Da ruwan ya ƙafe, ya rataye tukunyar a bango, bai sake taɓa ta ba.

Widad ta same shi a tsakar gida yana gyaran igiya.

"Baba, don ba shi da dabino ne?"

"Dabino ana shukawa."

"Don baƙo ne?"

"Kakanki ma baƙo ne." Bai ɗaga kai ba. "Sau uku na zauna da yaron. Na ce ana zafi, ya ce haka ne. Na ce amma akwai iska mai sanyi, ya ce haka ne. Da na ce raƙumi na ƙwai, da ya tambaye ni guda nawa."

"Ladabi ne."

"Ruwan gari ne a hannunsa, kuma babu a'a a bakinsa. Irin wannan, duk wanda ya fi shi murya shi ne mai gidansa. Ba zan ba shi ke ba."

"Na ji Yaya Rida ya yi maganar aurena."

"Ya yi. Ban amsa masa ba. Ban taɓa ɗora wa kowa abin da ba ya so ba."

"To ni ba zan auri kowa ba sai wanda ka kora."

"Sai ki zauna."

"Zan zauna."

Mahaifiyarta Mabruka na murza kuskus a akushi. Ta ce, "Allah ya ba ni haƙurin ku biyu. Kai ɗaya aka raba muku."

Rida ba mugu ba ne. Mutum ne da ya saba idan ya yi magana a tashi. Dabino ɗari uku gare shi da mota, kuma tun Widad na ƙarama yake ganin tasa ce. Ya tare ta a hanya wata rana, ya sauke gilashin motar.

"'Yar baffa, har yanzu ana ƙirga gishirin?"

"Ana yi, Yaya. Kai ma kana sha."

"Tun da kika sa baki ruwa ya ragu. Mata na tsayuwa har azahar."

"Suna tsayuwa su samu. Da na bar ka, da sun tsaya babu."

"A kan mai goge inji kike min wannan bakin?"

"A kan injin. Shi mai gogewar bai buƙaci in kare shi ba."

Ta faɗa da ƙarfin zuciya, don ta yarda da abin da ta faɗa.

Kakar dabino ta zo. Ma'aikata suka cika gari, kowace gona da masu hawa da masu tsinta, kowa na neman ruwa. A satin ne malamin Widad ya kira ta Gabes, ta yi kwana huɗu. Ranar da ta dawo, Mabruka ta miƙo mata kofi. Ta kurɓa ta tofar.

Gishiri.

Kafin la'asar magana ta zaga gari. Rida ya faɗa a gidan shayi, a gaban kowa: shekara biyu injin na aiki, sai da aka bi lissafin 'yar birni ya mutu. Yara suka bi ta a hanya suna cewa sha takwas, sha takwas.

Ta rubuta wa Nizar: "Ka taɓa allura?"

Amsa ta daɗe. "Allura na kan sha takwas, rabin raina. Ki huta, kin sha hanya."

Ta yarda. Tun da bai taɓa ba, kuskuren nata ne. Kwana uku ta rufe kanta a ɗaki tana bin lissafin layi layi. Ta sake daga farko. Ta canza hanya ta sake. Kowane lokaci sha takwas yake fitowa. Abinci ya yi sanyi a bakin ƙofa. Ta fara tunanin ko shekara shidan nan duk banza ta yi, ko mutanen gari ne suke da gaskiya.

Rana ta huɗu ta je ɗakin inji. Nizar na tsugune yana kwance bututu. Ya rame. Ta wuce shi ta tsaya gaban mita. Baƙar allura na kan sha takwas, gaskiya ne. Amma akwai wata ƙaramar ja a bayanta, wadda baƙar ke turawa idan ta hau, ita kuma ba ta dawowa sai an mayar da ita da hannu. Jar na kan ashirin da shida.

"Nizar."

Ya tashi. Ya ga inda take kallo.

"Kwana nawa?"

"Uku. Si Rida ya zo da kansa. Ya ce ma'aikata na kwana da ƙishi. Ya ce ko in ƙara ko in tattara kayana."

"Sai ka ce to."

"Idan ya kore ni, Gafsa zan koma. In daina ganinki."

"Sai ka zaɓi ka riƙa ganina yara na bina da waƙa." Muryarta ba ta tashi ba. "Ƙarawar ba ta kashe ni ba. Tsoro ne, kowa na ji. Amma na tambaye ka. Kwana uku ina zargin kaina, kana taku ɗari huɗu da shida daga ƙofata, ka sani, ka yi shiru."

"Ban yi miki ƙarya ba. Lokacin da kika tambaya..."

"Kada ka ƙarasa."

Ta fita. Kafin ta kai gida saƙo ya riga ta.

"Widad, ba ni da abin cewa. Na ji tsoron rasa ki, na yi abin da zai sa in rasa ki. Ki zage ni, ki ce komai, amma kada ki yi shiru."

Ta mayar: "Baba ya fi ni lissafi. Kada ka sake rubuto min."

Ba ta gaya wa kowa abin da ta gani ba. Ba za ta wanke kanta da bakinta ba, kuma ba za ta kai ƙarar mutumin da ta ce ta zaɓa ba. Ta ci gaba da fita kasuwa kai a sama. Wanda ya ce sha takwas, ta ce masa daidai ne, ka iya ƙirga.

Ranar Juma'a tana dawowa daga gidan gwaggonta aka fito daga masallaci. Ta tsaya jikin bango ta ba maza hanya. Sai ta ga Nizar ya tsaya a kan matakala, bai sa takalmi ba.

"Jama'a, ku ba ni minti ɗaya."

Aka tsaya. Muryarsa na rawa.

"Ni na ɓata injin. 'Yar Haj ta ce sha takwas. Da ta tafi na kai shi ashirin da shida, kwana uku. Jar allura na nan, duk mai so ya je ya gani. Lissafinta bai yi kuskure ba. Ta tambaye ni, na ɓoye mata."

Wani dattijo ya ce, "Kai kaɗai ka ga dama?"

"Hannuna ne ya murɗa."

Kowa ya juya ya kalli Rida duk da haka. Fuskarsa ta yi ja.

"Tun da ka amsa da bakinka, ka tattara kayanka yau."

"Zan tattara, Si Rida. Bayan na wanke tantanin. Ni na ɓata."

Haj Balgasim na tsaye da sandarsa. Ya kalli yaron tun daga kai har ƙafa, ya sa takalminsa, ya tafi gida.

Asabar da safe Widad ta shiga ɗakin inji ta naɗe hannun riga.

"Ba don kai na zo ba."

"Na sani."

"Miƙo safar hannu."

Kwana biyu suna kwance tantani ɗaya bayan ɗaya, suna jiƙawa a ruwan asid, suna ɗaurayewa. Kusan rabi sun mutu. Sauran sun ji jiki. Magana tsakaninsu ba ta wuce riƙe nan, ɗaga can. Asid ya ci masa yatsu ta inda safar ta yage, bai faɗa ba. Ta gani. Ta cire nata ta jefa masa.

Da suka haɗa, wata matsala ta fito. Tantanin da ya taɓa yin ɓawo, ko a sha takwas sake yi yake. Widad ta lissafa: dole a riƙa juya wutar, mai ja dama ta koma hagu, don ɓawon da ya fara kamawa ya narke kafin ya yi ƙarfi. Kowane minti goma sha huɗu. Agogon injin da ke yin wannan ya ƙone tare da sauran. Suka sa waya, tana ƙara Nizar na juyawa da hannu.

Da safe ruwa ya fito garai. Da rana ta take, gishiri ya fara dawowa. Washegari ma haka. Widad ta zauna a kan akwati ta dafe kai. Wannan karon ba wanda ya taɓa allura. Wannan nata ne.

Ana cikin haka ƙofa ta yi duhu. Haj Balgasim ne, da tukunyar tagulla a hammata da ganyen dabino a hannu. An goge ta har tana ƙyalli.

"Uwarki ta ce kina juya wuta da waya."

"E, Baba."

"Wayar na jin zafi?"

Ta ɗaga kai.

"Ruwan safe da na rana ba ɗaya ba ne," ya ce. "Na safe nauyi gare shi. Na rana sauri. Duk wanda ya riƙe gadus ya san haka. Shi ya sa ba mu taɓa raba ruwa da agogo ba. Ruwa ake auna ruwa da shi." Ya dubi Nizar. "Kai, mai cewa to. Ɗebo min daga bututun da ke shiga."

Ya rataye tukunyar, ya zauna a ƙasa kamar bai taɓa tashi ba. Widad ta riƙe waya. Ƙulli huɗu a zafin ranar nan bai kai minti goma sha biyu ba. Washegari da sanyin safe suka sake. Ƙulli huɗu, minti goma sha huɗu cif.

Ta tsaya tana kallon tukunyar. Ruwa mai ɗumi ya fi saurin bi ta huda. Ƙwayoyin gishirin ma haka, a ruwa mai ɗumi sun fi saurin tafiya, ɓawo ya fi saurin kamawa. Ita da safe ta auna ruwan rijiyar, ta ɗauki zafinsa lamba ɗaya ta zuba a lissafi, ta manta tankin ƙarfe ne a rana.

Ta durƙusa ta sumbaci kan mahaifinta.

"Shekara shida, Baba."

"Ni talatin da ɗaya," ya ce. "Matsa, kina tare min haske."

Daga ranar tsoho ya koma aiki. Yakan zo bayan asuba da buta da ganyensa. Ya cika, ta tsiyaye, ya ƙulla. A na huɗu ya ce, "Juya." Nizar ya juya. Ruwa ya dawo garai safe da rana. Widad ta sa zafin ruwa a lissafinta, zanen ya hau daidai kan ƙullin mahaifinta, ta aika wa malaminta. Maganar kora kuwa ta mutu a layin famfo. Inna Zuhra ta gaya wa Rida a gaban mata cewa idan yaron ya tafi, shi zai zo ya zauna yana juyawa. Rida bai sake tayar da ita ba. Kafin shekara ta fita ya nemi aure a garin Duz.

Wata rana tsohon ya fita alwala, ya bar su biyu.

"Yatsun sun warke?" ta ce, tana kallon kwamfuta.

"Saura kaɗan."

"A matakala, me ya sa ba ka ambaci sunansa ba?"

"Ya ce in yi. Bai kama hannuna ba."

Ta ci gaba da kallon kwamfuta.

"Sha Takwas," ya ce a hankali. Karo na farko tun ranar jar allura. "Ban ce ki manta ba."

"Ba zan manta ba. Na mayar da jar da hannuna jiya, ka gani?"

"Na gani."

"Idan ta sake motsi, ba zan tambaye ka ba. Zan duba."

"Ki duba kullum. Har mu tsufa ki riƙa dubawa."

Ta ciji bakin alƙalami. Bai hana murmushin fita ba.

"Mai Wuta, ka iya rubuto min. Amma gajere."

Da la'asar ya rubuto: "Taku ɗari huɗu da shida. Har yanzu." Ta mayar: "Na sani. Ni ma na ƙirga."

Sati uku Haj Balgasim na cewa juya, ban da ita ba ya ce wa yaron komai. Ranar wata Alhamis ya ƙulla na huɗu, ya ce juya, sannan ya ƙara ba tare da ya ɗaga kai ba:

"Ka ce wa kawunka ya dawo."

Hannun Nizar ya tsaya a kan makunni.

"Juya tukuna." Ya juya. "Gaskiya kana da ita, ko da takan makara. A'a ce har yau ban ji a bakinka ba. Amma 'yata na da wadda za ta ishe ku ku biyu."

"To, Baba Haj."

"Ka ji ko," in ji tsohon, yana duban Widad.

Bayan an gama barbarar dabino aka yi bikin. Kwana uku. Mutanen Gafsa suka zo bas biyu, aka yanka raguna bakwai, kuskus har akusan maƙwabta suka ƙare. Rana ta uku bayan la'asar aka sa hannu a takarda, liman ya karanta Fatiha. Haj Balgasim ya shigo wurin 'yarsa, tana zaune cikin jan mayafi, lalle har gwiwar hannu. Ya ɗora tafinsa a kanta.

"Allah ya yi miki albarka. Allah ya sa gidanku ya zama wurin da mai ƙishi zai tsaya. Ya ba ku 'ya'ya masu taurin kai daidai gwargwado."

Mabruka ta ce amin tana kuka tana dariya.

Aka ɗora amarya a kan raƙumi cikin darbuka, rufaffiyar rumfar amarya, mata na guɗa, za a kai ta ɗakin da Nizar ya gina a bayan tanki. A gaban ɗakin inji raƙumin ya tsaya. Widad ta ɗan ɗaga labule.

Layi ne a bakin famfo, jarkoki sun fi arba'in. Baƙi sun shanye tanki. Mahaifinta na tsaye a ƙofa da sandarsa, ya sa an kira masa ango. Nizar ya zo cikin farar jabba, abokansa na biye. Masu ganga suka sassauta.

"Ɗana," in ji Haj Balgasim. Bai taɓa kiransa haka ba. "Ka ga layin nan. Gobe za a ce an rasa ruwan sha a gidan Balgasim ranar auren 'yarsa. Mutanenku za su kai labarin har Gafsa. Ban taɓa roƙon kowa komai a garin nan ba. Ka shiga ka ƙara wuta. Ashirin da biyu kawai. Yau kaɗai."

Ba wanda ya yi motsi. Widad ta damƙe labulen har lallen ya shafi yadin. Wannan ba nata ba ne.

Nizar ya leƙa ciki ya kalli mita, baƙar allura da ja kwance wuri ɗaya. Ya kalli layin. Ya kalli surukinsa a ido. Muryarsa ba ta yi rawa ba.

"Ba zan ƙara ba, Baba."